Zbigniew Bródka: Ɗan kwana-kwanan da ya ƙwace zinare a hannun 'yan Holan

Jama'a, ku dubi allon sakamakon wannan tsere na mita 1,500 da kyau. Mutum biyu ne, kuma lokacin da aka rubuta wa kowannensu ɗaya ne: minti 1 da daƙiƙa 45 cif. Ranar 15 ga Fabrairun 2014 ke nan, a filin ƙanƙara na Adler da ke birnin Sochi na ƙasar Rasha, wajen gasar Olamfik ta hunturu. Lambar zinare ɗaya ce, masu nemanta biyu. Sai da alƙalai suka koma kan hoton da na'ura ta ɗauka a bakin layi, suka tsaga daƙiƙa gida dubu, sannan aka raba gardama. Zbigniew Bródka na Polan ya yi 1:45.006, Koen Verweij na Holan ya yi 1:45.009. Idan aka auna wannan tazara da irin gudun da suke yi, ba ta wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba.

To wai wane irin wasa ne wannan? Gudun zamiya ne a kan ƙanƙara. Ɗan wasa yana sa takalmi mai doguwar wuƙar ƙarfe a ƙasa, ya duƙa, ya goya hannu a baya, yana tura ƙafa gefe da gefe. Zagayen filin mita 400 ne, don haka tseren mita 1,500 zagaye uku ne da kashi uku cikin huɗu. Bibbiyu ake sakin 'yan wasa, ɗaya a layin ciki, ɗaya a na waje, suna musayar layi a kowane zagaye. Amma abokin hamayyarka na gaskiya agogo ne, domin wanda zai kayar da kai wataƙila bai ma shigo fili ba tukuna. Masu wasan suna jin tsoron mita 1,500 saboda ya fi ƙarfin gudun fanfalaki, kuma bai kai tsawon da za ka yi tanadin numfashi ba. Ka fito da zafi, cinyoyinka su mutu a zagayen ƙarshe. Ka fito a sanyaye, an bar ka.

An haifi Bródka ranar 8 ga Oktoban 1984 a garin Głowno da ke tsakiyar Polan, ya kuma taso a ƙauyen Domaniewice, kusa da Łowicz. Da gudun ƙaramin fili ya fara, irin wanda ake cunkusa mutane da yawa suna gogayya a kwana, daga baya ya koma babban fili. A Olamfik ɗinsa ta farko, a Vancouver cikin 2010, na 27 ya zo a mita 1,500. Babu wanda ya waiwaye shi.

Abin da ya sa labarinsa ya fita daban shi ne sana'arsa. Bródka ma'aikacin kashe gobara ne na gwamnati a Łowicz, ɗan kwana-kwana mai kaki da hular kwano, wanda ake sa sunansa a jadawalin aiki kamar kowa. Ga kuma wata matsalar: a wancan lokaci duk faɗin Polan babu rufaffen filin ƙanƙara mai mita 400 ko guda ɗaya. Waɗanda ake da su a sarari suke, iska ta buga, ruwa ya sauka, rana ta narkar. Dole 'yan wasan ƙasar su riƙa tsallakawa waje, musamman Jamus, don samun ƙanƙarar kirki. Su kuwa 'yan Holan wannan wasa gadonsu ne, suna da rufaffun filaye, da ƙungiyoyin ƙwararru masu biyan albashi, da 'yan kallo masu cika fili sanye da kaya masu launin ruwan lemo.

Amma kada wani ya ce sa'a ce kawai ta faɗa masa. Shekara ɗaya kafin Sochi, a kakar 2012 zuwa 2013, shi ne ya zo kan gaba a jimillar maki na Kofin Duniya a mita 1,500. Masu bin wasan sun san da zamansa, sauran duniya ce ba ta sani ba.

Ranar tseren, an haɗa shi da Shani Davis na Amurka, wanda a lokacin shi ke riƙe da tarihin gudu mafi sauri na duniya a wannan nisa. Bródka ya bar shi a baya, ya haye saman allo. Daga nan sai zaman jira, wanda a ganina ya fi gudun kansa wuya. Ka gama naka, ba ka da sauran abin yi, kana tsaye a gefe kana kallon wasu suna farautar lokacinka. A rukunin ƙarshe Verweij ya fito, ya rufe tseren da ƙarfi, ya miƙa ƙafa a kan layi, sai ga lokaci iri ɗaya. Fili ya ɗauki ɗan lokaci ba a san na wa ba ne. Da sakamako ya fito, Bródka ya ɗaga hannuwa sama, Verweij kuwa ko a kan dandamalin karɓar lambobi fuskarsa ba ta sake ba. Denny Morrison na Kanada ne ya ɗauki tagulla.

Ku ji nauyin abin. A Sochi, 'yan Holan sun kwashe lambobi 23 a wannan wasa, takwas daga ciki zinare ne cikin goma sha biyu da aka raba. A ɓangaren maza tsere shida aka yi, sun ci biyar. Na shidan shi ne wanda ɗan kwana-kwanan Łowicz ya hana su. Kuma ita ce zinare ta farko da Polan ta taɓa samu a wannan wasa a Olamfik, bayan azurfa da tagullar da Elwira Seroczyńska da Helena Pilejczyk suka kawo tun 1960, da tagullar da tawagar mata ta samu a 2010.

Mako guda bayan haka ya sake hawa dandamali. Shi da Konrad Niedźwiedzki da Jan Szymański suka doke Kanada a tseren tawaga, suka karɓi tagulla, matan Polan kuma suka ɗauki azurfa.

Bai sake kaiwa wannan matsayi ba. A Pyeongchang cikin 2018 shi ya riƙe tutar Polan a bikin buɗewa, amma bai samu lamba ba. A Beijing cikin 2022 ya sake riƙe tutar, wannan karon tare da Aleksandra Król, yana da shekara 37.

Batun fili kuwa, lambobin Sochi sun sa hujjar masu neman a gina shi ta yi ƙarfin da ba a iya kau da kai. A 2017 aka buɗe rufaffen filin ƙanƙara mai mita 400 na farko a Polan, a garin Tomaszów Mazowiecki, cikin lardin Łódź, lardin da Bródka ya fito. A Disambar 2018 filin ya karɓi baƙuncin gasar Kofin Duniya, 'yan Holan da sauran manyan wasan suka yi tattaki zuwa Polan.