Alamar kodek a fayil ɗin MP4: bambancin hvc1 da hev1

Masu kallo, assalamu alaikum. Masu tace bidiyo sukan ci karo da wata matsala mai ɗaure kai: an matse bidiyo da HEVC, wanda kodek ne, wato tsarin matse bidiyo da warware shi, an zuba shi a fayil ɗin MP4, yana buɗewa lafiya lau a manhajar kallo ta VLC, amma da an kai shi manhajojin Apple irin su QuickTime ko Safari sai ya ƙi tashi, ko kuma sauti ya fito babu hoto. Galibi bidiyon bai lalace ba, haruffa huɗu ne kacal suka jawo hakan.

MP4 mazubi ne da ake zuba hoto da sauti a ciki. A lokacin zubawar, manhaja takan rubuta wata alama mai haruffa huɗu wadda ke shaida wa na'urar kallo irin kodek ɗin da ke ciki da yadda aka jera bayanansa. Kodek ɗin H.264 yakan ɗauki alamar avc1, na AV1 kuma av01. Shi kuwa HEVC, wanda aka kammala ƙa'idarsa a 2013, alama biyu gare shi, wato hvc1 da hev1.

Kafin na'ura ta iya warware hoton HEVC, sai ta karanta wasu bayanan saiti guda uku, VPS da SPS da PPS, waɗanda suka ƙunshi abubuwa irin su faɗin hoto da tsayinsa da zurfin launi. Alamar hvc1 alkawari ce cewa duk waɗannan bayanai suna wuri guda, a sashen da ke bayyana bidiyon, cikin akwatin da ake kira hvcC, don haka na'ura ta san abin da ke gabanta tun kafin ta taɓa hoton farko. Ita kuwa hev1 ta yarda bayanan su zo a tsakiyar bidiyon, har ma su sauya ana cikin kallo. Ƙa'idar ISO/IEC 14496-15 ta amince da dukkansu biyu, amma kamfanin Apple, wanda ya fara karɓar HEVC a 2017 da iOS 11 da macOS High Sierra, hvc1 ya zaɓa. FFmpeg kuma, wato manhajar sarrafa bidiyo da ake ba umarni a rubuce, idan ba a umarce shi ba, hev1 yake rubutawa.

Gyaran ba ya buƙatar sake matse bidiyon, domin sake matsewa ɓata lokaci ne, kuma yana rage kyan hoto a banza. Ga umarnin nan a allo:

ffmpeg -i tsoho.mp4 -c copy -tag:v hvc1 sabo.mp4

Sashen -c copy yana kwashe hoto da sauti yadda suke, alamar kaɗai ake sauyawa. Bayan an gama, a duba sabon fayil ɗin da ffprobe, manhajar binciken fayil da ke zuwa tare da FFmpeg, domin a tabbatar hvc1 ce ta bayyana.

Sai dai a kula, alama ba ta mayar da H.264 ya zama HEVC, kuma FFmpeg zai ƙi aikin idan aka gwada sa wa H.264 alamar hvc1. Haka nan bidiyon da aka naɗa daga watsa shiri kai tsaye, wanda girman hotonsa ke sauyawa a tsakiya, a ganina gara a bar masa hev1, tunda ita ce ta faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Fayil ɗin MKV kuwa, wani mazubi na daban, ba ruwansa da wannan zaɓi, domin ƙa'idarsa ta Matroska suna ɗaya take ba HEVC, wato V_MPEGH/ISO/HEVC.