Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Kasuwanci Ranar Da Ya Kawo Ziyara Kasuwarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Allah ya ja zamanin Hakimi. Shugaban ƙaramar hukuma, Malam Liman, Sarkin Kasuwa, iyayenmu dattawan layuka, iyayenmu mata masu sana'a, wakilan kamfani da suka biyo tawaga, da sauran 'yan uwana 'yan kasuwa, ina yi wa kowa barka da zuwa, Allah ya sa yadda kuka zo lafiya ku koma lafiya.

Ranka ya daɗe, a madadin 'yan kasuwar nan baki ɗaya ina yi maka lale marhabin. Wallahi mun ji daɗin wannan zuwa naka, don da ka ga dama kana zaune a ofis za ka aiko a kira mutum biyar cikinmu a karanta mana abin da aka yanke, amma sai ga ka da ƙafarka, ka ajiye mota a bakin titi ka ratso ta layin 'yan hatsi a cikin wannan caɓin, mun ga yadda takalminka ya koma. To haka muke shiga kullum da damina, haka mai baro yake turo buhu huɗu ta nan yana nishi. Gani ya kori ji.

Abin da ya tara mu shi ne maganar da muka daɗe muna ji a rediyo, cewa gwamnati na son sake gina kasuwar nan ta hanyar haɗin gwiwa da kamfani mai zaman kansa. Tun daga farko bari in faɗa a gaban kowa, mu ba ma adawa da wannan tsari. Mu 'yan kasuwa ne, mun san kuɗin gwamnati ba zai isa albashi da asibiti da makaranta da titi da kuma ginin kasuwa a lokaci ɗaya ba, kuma mun san farashin buhun siminti da rodi a yau tunda wasunmu su suke sayarwa. Sannan abin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Da na zauna yi wa dattawanmu bayani ban sha wahala ba, ce musu na yi kamar jinginar gona ce, mai kuɗi ya sa kuɗinsa, ya ci amfanin wurin na wasu shekaru, sannan gona ta koma hannun mai ita. Sai wani tsoho a cikinsu ya ce to ai jingina ba a yin ta sai da shaidu, kuma sai kowa ya ji sharaɗi da kunnensa. Ranka ya daɗe, wannan magana ta tsohon nan ita ce duk jawabina na yau.

Mun ɗan bibiyi yadda abin ya gudana a wasu wurare. Tun 2005, zamanin Obasanjo, aka yi dokar da ta kafa hukumar ICRC mai sa ido kan irin wannan yarjejeniya a matakin tarayya, kuma akwai inda aka ga amfani ƙarara. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar jirgin sama ta MMA2 a Legas ya san kamfani ne ya gina ta bayan gobara ta cinye tsohuwar, aka buɗe a 2007, har yau tana aiki. Amma a kan wannan tashar ɗin dai aka yi ta shari'a shekara da shekaru, ɓangaren gwamnati na cewa shekara 12 aka ba kamfani, kamfani na cewa 36 ne. Ka ga gini ya yi kyau, takarda ce ta kawo rigima. Titin Lekki zuwa Epe ma haka, an ba kamfani na shekara 30, da aka fara karɓar kuɗin tolget a 2011 mutanen yankin suka fito zanga-zanga saboda suna ganin ba a yi shawara da su ba, daga baya gwamnatin Legas ta biya ta karɓe abinta. Titin Legas zuwa Ibadan kuwa a 2009 aka ba da shi, a 2012 aka soke yarjejeniyar ba tare da an ga aikin kirki ba.

A nan gida ma muna da abin dubawa. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawachiki a Kano, wato tashar sauke kayan jiragen ruwa a kan tudu, tun 2006 aka ba kamfani ita, sai a watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe, yaron da aka haifa shekarar da aka sa hannu ya kusa gama sakandare kafin a yanke kyalle. Ga kuma kasuwar Dangwauro a kan titin Zariya, gini ne na gani na faɗa, babu mai musun wannan, amma kowa ya ga yadda aka sha fama kafin 'yan magani su tashi daga Sabon Gari su koma can, har kotu sai da aka je. Ba na kawo waɗannan don in aibata kowa, na kawo su ne don mu ɗauki darasi tun ba a haƙa rami ko ɗaya ba.

Mu kanmu an taɓa sarar mu, shi ya sa in mun ga tsumma muke ja da baya. Shekarun baya wani mai gini ya zo nan da zane mai kyau a allo, shaguna hawa biyu har da fulawowi a gaba, aka ce kowa ya kawo kafin alƙalami. Ni na biya, da yawa a cikin rumfar nan sun biya. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da daddawa da kuka, kwasar adashinta gaba ɗaya ta kawo a ƙulle a bakin zani, a gabana ta kwance ta ƙirga aka ba ta rasit. An haƙa fandisho, an kafa rodi, daga nan shiru. Ramin yana nan bayan layin 'yan kaji, da damina ya zama kududdufi sauro na haihuwa a ciki, rodin ya yi tsatsa yara sun lanƙwashe wasu. Matar nan ta rasu, rasit ɗin na hannun 'yarta a cikin leda, kuma 'yar tana zaune a nan yau tana jin mu.

Saboda haka ranka ya daɗe roƙonmu na farko, kafin a sa hannu a kawo yarjejeniyar nan a fassara ta da Hausa a karanta mana a wannan filin, a maƙala kwafi a ofishin Sarkin Kasuwa, mu san shekara nawa kamfani zai riƙe, nawa ne kason gwamnati, wa ke da ikon ƙara kuɗin haya kuma bayan shekara nawa, in kamfani ya gaza a tsakiyar aiki wa zai ɗauka, kuɗin mutane kuma a wane banki za su zauna. Mu dai shawararmu kada a sake karɓar ko sisi a hannu, a buɗe asusu wanda ba a taɓa shi sai injiniyan gwamnati ya shaida an kai matakin da aka yi alkawari.

Sai babbar damuwar, wato wa zai shiga shagon in an gama. Abin da muke tsoro shi ne a rushe rumfar mutumin da ya gaji wurin daga mahaifinsa, a gina shago mai tayil, a sa masa kuɗin da ko ya sayar da duk jarinsa ba zai kai ba, sai wani mai hali da bai taɓa sayar da ko ƙwayar barkono ba ya sayi layi guda ya dawo yana ba mu haya. Muna roƙo a fara ƙidaya yanzu, rumfa rumfa, da suna da hoto, mu za mu ba da matasa su raka ma'aikatanku, a ba masu wuri na asali takardar alokeshan tun kafin katafila ta shigo, a kuma ba su damar biya kaɗan kaɗan. Kuma don Allah a tuna kasuwa ba masu shago kaɗai ba ce. 'Yan tebur, mata masu kasa kaya a ƙasa, 'yan dako, masu abinci, mahauta, in zanen bai ware musu wuri ba to titi za su koma, gobe kuma a ce sun tare hanya a zo ana kwashe musu kaya.

Ginin ma a yi shi kashi kashi, a gama wannan ɓangaren mutane su shiga sannan a taɓa na gaba, don ɗan kasuwar da ya yi wata shida ba ya fitowa jarinsa a tukunya zai ƙare. A bar hanya mai faɗin da motar 'yan kwana-kwana za ta shiga har tsakiya, a yi tankin ruwa, a yi wayarin na ƙwarai, duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sannan a rubuta ƙarara wa zai riƙa yashe magudanar ruwa da kwashe shara da gyaran banɗaki bayan an yi bikin buɗewa kowa ya watse.

Ga wakilan kamfani, ku ma muna muku maraba da zuciya ɗaya. Riba kuka zo nema, mu ma ita ta fito da mu tun asuba, babu abin kunya a ciki, Allah ya ba ku halal ɗinku. In kun riƙe mu da gaskiya za ku ga 'yan kasuwar nan ba sa wasa da biyan haƙƙi. Mu kuma namu alkawarin, za mu ba da sunaye na gaskiya babu cushe, kuma duk ranar da aka ce wannan layin ya matsa za mu matsa.

Ranka ya daɗe mun rubuta waɗannan buƙatu a takarda, shugabannin layuka duk sun sa hannu, Sarkin Kasuwa zai miƙa maka yanzu, muna roƙo ka isar da ita ga mai girma Gwamna tare da gaisuwarmu. In Malam Liman ya yi mana addu'a muna so ka ba mu minti ashirin kacal mu zaga da kai, za mu fara ta layin 'yan kaji ka ga ramin nan da idonka, daga nan mu dawo rumfa, iyayenmu mata sun dama fura tun safe tana jiranku.

Allah ya saka da alheri, Allah ya mai da ku gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.