Lacca: Yadda Baƙon Jini Ya Ceto Damisar Florida

Assalamu alaikum. Malamaina da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Makiyayin da ya san sana'arsa ba ya barin bijimi ɗaya ya yi ta barbarar 'ya'yansa da jikokinsa. Yakan nemo wani daga garke na nesa. Abin da masana ke kira kwararar ƙwayoyin gado ke nan: wata halitta ta bar danginta, ta shiga wasu, ta haihu a can, ta bar musu abin da ba su da shi.

Mu je Amurka. A jihar Florida akwai wata dabba mai kama da damisa, ana ce mata puma. Farauta da tituna da gine-gine suka raba ta da sauran 'yan'uwanta, har a farkon shekarun 1990 saura 20 zuwa 30 kacal. Dangi ke barbarar dangi, sai cutar da ke ɓoye a jini ta fito fili. Ka ga wutsiya a lanƙwashe daga ƙarshe, ka ga jariri da huji a zuciya, maza da yawa ɗan marainansu ɗaya bai sauko ba, maniyyin ma ba ƙarfi.

A 1995 aka kawo matan puma takwas daga jihar Texas aka sake su a dajin. Biyar ne kawai suka haihu. Ku riƙe wannan adadi, don shi ne ya fi burge ni: biyar! Cikin shekara 15 yawan dabbar ya ninka sau uku, nakasar ta ragu sosai. Yau ana ƙiyasta su tsakanin 120 da 230, ko da yake motoci na ci gaba da kashe su.

Sai dai kada ku ɗauka kwararar nan alheri ce kullum. Tana ƙara bambanci a cikin garke ɗaya, amma tana shafe bambancin da ke tsakanin garke da garke, kuma ba ta zaɓen abin da za ta ɗauko. A Mali, wajen 2006, ƙwayar gadon da ke sa sauro jure maganin ƙwari ta tsallaka daga jinsin sauro mai suna Anopheles gambiae zuwa wani jinsin mai suna Anopheles coluzzii ta hanyar barbara, daidai lokacin da ake raba gidan sauro mai magani. Sauron da ya gaje ta ya tsira, ya hayayyafa, cikin 'yan shekaru ta game jinsin a yankin. Irin sauron nan biyu suna cikin manyan masu kawo mana zazzaɓin cizon sauro a nan ma.