Wa ke da ikon hana jirgi tashi a kwatar Yawuri?

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan da kuke gani kwata ce a bakin kogin Kwara, ranar kasuwa. Ku dubi jirgin nan na katako. An jera buhunan shinkafa a ƙasa, an ɗora babura a kai, mata sun zauna a kan buhu da goyo, ɗan kamasho kuma yana ta kiran saura mutum biyu. Ku lura da gefen jirgin: tsakanin bakin katako da ruwa bai kai tafin hannu ba. Tambayarmu ta yau ita ce, a cikin duk mutanen da ke tsaye a wurin nan, wa doka ta ba ikon ya ce jirgin nan ba zai tashi ba?

Mu a Kebbi mun san abin da ke biyo bayan irin wannan lodi. Ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgi ya taso daga jihar Neja zuwa kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da fiye da mutum 150. Ya tsage a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Kwana da kwanaki masunta suna tsamo gawa. A watan Satumban 2024 kuma makwabtanmu na Gummi a Zamfara suka rasa gomman manoma da suka shiga kwale-kwale da safe za su gona.

Hukumar da ke da alhakin hanyoyin ruwa na cikin gida ita ce NIWA. An kafa ta a 1997, hedikwatarta na Lokoja, kuma tana da ofishi a Yawuri. Ita ke yi wa jirgi rajista, ta duba lafiyarsa, ta ba matuƙi lasisi. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wannan iko na gwamnatin tarayya ne, bayan doguwar shari'a da jihar Legas. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun fito da abubuwa ƙarara: ba a tafiyar dare, ba a wuce adadin da jirgi zai iya ɗauka, kuma kowane fasinja sai ya sa rigar kariya kafin ya taka jirgi. Hukumar ta kuma ɗauki jami'ai da ake ajiyewa a kwata domin su tabbatar an bi.

Sai 'yan sandan ruwa. Su 'yan sandan Najeriya ne kamar na kan titi, ikonsu bai ƙare a gaɓa ba. Suna iya tsayar da jirgi, su nemi takardu, su bincika kaya idan suna da dalilin zargi, su kama matuƙin da ya jefa rayukan mutane cikin haɗari. Amma ikon yana da iyaka, kuma ya kamata matuƙa su san ta. Wanda aka kama dole a gaya masa laifinsa. Tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin awa 24 idan akwai kotu kusa, ko awa 48 idan tana da nisa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama ɗa ko ƙane a madadin wanda ake nema. Beli kuma kyauta ne. Tara idan ta hau kanka, ka nemi rasit. Kuɗin da aka karɓa a dunƙule cikin hannu ba tara ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake amfani da wannan iko. Da zarar jirgi ya bar gaɓa, magana ta kusa ƙarewa. Ɗan sanda ya tare jirgi mai mutum ɗari a tsakiyar tafkin Kainji, ina zai sauke su? Igiyar ruwan da jirgin 'yan sandan zai tayar ma ta isa ta kifar da jirgin da ya riga ya nutse har wuya. Ga kuma kututturan itatuwa da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, suna nan a ƙarƙashi, da rana ma da ƙyar ake ganinsu, balle bayan magariba. Saboda haka aikin a kwata yake, a lokacin lodi, kafin a tayar da inji.

Na taɓa tsayawa a wata kwata ina kallo. Wata dattijuwa ta karɓi rigar kariya, ta ninke ta, ta zauna a kai saboda katako ya jiƙe. Wani saurayi ya ce mata, "Inna, sawa ake yi." Ta ce, "Ɗana, zafi gare ta, kuma in kwana ya ƙare ai ya ƙare." Bai yi mata gardama ba. Ya durƙusa, ya ce, "Inna, ko raƙumi sai an ɗaure shi sannan a yi tawakkali." Ta yi shiru, ta miƙa masa hannu ya zura mata, ya ɗaure igiyoyin. Mutum huɗu da ke kusa da ita su ma suka sa tasu.

Jami'an gwamnati ba su kai yawan mashigan da ke tsakanin Ngaski, Yawuri, Shanga da Bagudo ba. Wanda yake can kullum shi ne Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar matuƙa. Ba su da ikon kamu, amma sun san jirgin da ke yoyo, sun san matuƙin da ke ƙara lodi, kuma in suka ce a rage mutum goma, ana ragewa. Idan matuƙi ya ƙi ji, su ne za su kira ofishin NIWA ko 'yan sanda tun jirgin yana ɗaure.

Kai ma fasinja, kuɗin jirgi ka biya, ba wanda zai tilasta maka zama. In ka ga ruwa ya kusa bakin katako, ko an ce babu riga, ko rana ta faɗi ana shirin tashi, ɗauki kayanka ka sauka, ka gaya wa Sarkin Ruwa abin da ka gani.