Lacca: Yadda Tsarin VAV Ke Raba Iska a Babban Gini

Assalamu alaikum, 'yan'uwa injiniyoyi da masu gyara.

A tsohon tsari, fanka tana hura iska daidai wa daida dare da rana, zafin iskar ake sauyawa. VAV, wato tsarin da ke sauya yawan iskar da ake hurawa, ya juya lamarin. Babbar na'urar sarrafa iskar gini, wato AHU, tana fitar da iska a kusan digiri 13 na Selshiyos, sai kowane sashe na ginin ya ɗebi gwargwadon buƙatarsa ta wani akwati da ke cikin silin. A cikin akwatin akwai damfa mai buɗewa da rufewa, da ɗan injin da ke juya ta, da ma'aunin gudun iska a bakin shiga. Ɗaki ya yi zafi, damfa ta buɗe. Ya yi sanyi, ta matse zuwa mafi ƙarancin da aka saita mata. A ƙasashe masu sanyi irin su Kanada, a nan ne kwayil ɗin ruwan zafi ko na lantarki ke ɗumama iskar kafin ta shiga ɗaki.

To ina ribar take? Tana wajen fanka. Idan damfofi suka matse, matsin iska ya hau a bututu, ma'aunin da aka dasa wajen kashi biyu cikin uku na tsawon babban bututun ya sanar da VFD, wato na'urar da ke sarrafa gudun fanka, ta rage mata gudu. Ku riƙe wannan lissafi: fanka ta sauko zuwa kashi 80 na gudunta, wutar da take sha ta koma kusan rabi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne saitin mafi ƙarancin iskar da damfa ke bari ta wuce. An daɗe ana barinsa a kashi 30 na cikakkiyar iskar akwatin ko fiye, sai ka ga ana sanyaya iska da kuɗi, a sake ɗumama ta da kuɗi. Aka sauke shi fiye da kima kuma, iskar waje ba ta isa mutane, ɗaki ya cushe, sanyin ya riƙa zubowa kai tsaye a kan wanda ke ƙarƙashin mafitar.

Sai ma'aunin bakin akwati. Ƙananan ramuka ne da siraran tiyo biyu. Ƙurar hunturu ta wuce filta ta toshe su, ko tiyo ɗaya ya zare, akwatin ya karanta ƙarya, ya wangale damfa. Idan an saita matsin ya bi buƙatar akwatuna, wannan guda ɗaya ya isa ya hana fankar ginin gaba ɗaya sauka. Kada kuma a liƙa akwati dab da gwiwar bututu. A bar masa miƙaƙƙen bututu yadda kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta, sannan a gwada abin da yake karantawa da ma'aunin hannu.