Daga Muda Lawal zuwa kasuwar Asabar a Amurka

Assalamu alaikum. Ku ɗauka ga mu a Kasuwar Muda Lawal a Bauchi, da hantsi. Mai tumatir ya kasa kayansa kashi-kashi. Uwar gida ta taya, ya ce albarka. Ta yi kamar za ta wuce, ya kira ta ya sallama, ta biya, ta ce a yi mata gyara. Duk yaron da ya tashi a garin nan ya haddace wannan karatu tun ana aikensa cefane.

To ku ɗauki yaron nan, ɗan shekara 16, ku sauke shi a Amurka. A 2002, bayan harin 11 ga Satumban 2001, majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin musayar ɗalibai mai suna YES, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da aka riƙa ɗaukar 'yan sakandarensu. Ɗalibi zai yi shekarar karatu guda, kuma a gidan mutane zai zauna. Masu masaukin nan ba a biyansu ko sisi, don ra'ayin kansu suke buɗe masa ƙofa. Wannan kaɗai ya isa a girmama su.

Ranar Asabar da safe sai su ce ya zo a je kasuwar manoma. A birnin Madison na jihar Wisconsin, tun 1972 irin wannan kasuwa take ci, rumfuna sun kewaye ginin majalisar jiha, kuma ƙa'idarta ita ce abin da ka noma ko ka sarrafa da hannunka shi za ka sayar. Babu dillali. Babu mudu, babu tiya, sai sikeli, ana awo da fam, wanda bai kai rabin kilo ba. Farashi yana rubuce a ɗan allo. In ɗanmu ya raba kuɗin biyu ya taya, manomi ba zai ce albarka ba, kallonsa kawai zai yi cikin mamaki, domin shi abin da ya rubuta shi yake nufi.

Wannan hali na kasuwa shi ne kuma halin gida, kuma a nan ne yaranmu suka fi shan wuya. Mu an koya mana kunya. A gidan baƙi in an ce ka ƙara tuwo, sai ka ce na ƙoshi, ka san za a matsa maka har sau uku. A can uwar masauki za ta ɗauki maganarka yadda ka faɗe ta, ta kwashe kwanoni. Ba rowa ba ce, wallahi. Yaro ya kwana da yunwa, ita kuwa ba ta da labari. Haka zancen naman alade, da wurin sallah, da tashin sahur in azumi ya kama: a faɗa a fili tun makon farko. Ko sunkuyar da kai da muke yi don ladabi, su sai su zaci wani abu kake ɓoyewa.

Yanzu ku dubi rumfunan nan a watan Oktoba. Kabewa ce jibge ko'ina, ga alayyafo, ga albasa da barkono. Niƙaƙƙiyar gyaɗa kuwa da wuya ka rasa ta a kicin ɗinsu. Kayan miyar taushe sun haɗu ke nan. Ranar da ɗalibi ya tuƙa tuwon shinkafa, ya nuna wa ƙannen gidan yadda ake yanko loma da hannun dama, daga ranar ya tashi daga baƙo.

Don haka iyaye a Bauchi da Gombe, kafin tafiya a shigar da yaro kicin, mace ko namiji, ya iya miya ko da kala biyu. Kilishi dai kada a sa masa a jaka, jami'an kwastan ɗin can ba sa bari a shiga da shi.