Amsoshin Tambayoyinku: Wa Zai Riƙe Mini Yaro Idan Na Tafi Aiki?

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka. Wannan makon jakar wasiƙunmu cike take da maganar raino, sai na zaɓo guda uku.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Yelwa, nan cikin garin Bauchi. Ta ce tana aiki a wani kamfani mai zaman kansa, hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, ɗanta bai cika wata uku ba, mahaifiyarta kuma tana Misau. Tambayarta: ta kai shi gidan raino ne, ko ta sa a kawo mata yarinya daga ƙauye?

To 'yar'uwa, Allah ya raya mana. Kafin komai ki san haƙƙinki. Dokar ƙwadago ta ba mai jego mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin aikin. Bayan kin koma kuma, kina da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ma hutunsu ya fi haka tsawo. Mata da yawa kunya ke hana su tambayar wannan rabin awar, alhali likitoci nono zalla suke so a ba jariri har wata shida.

Batun yarinya daga ƙauye kuwa, ni dai ba da yawuna ba. Kwanaki na shiga wani gida da azahar, na tarar da wata da ba ta wuce shekara goma ba tana wanke-wanke a bakin rijiya, da goyo a bayanta, zanin ya sassauta, kan jaririn ya langaɓe cikin rana. Ita kanta raino take buƙata, kuma a wannan lokacin aji ya kamata a same ta. In kina da dattijuwa a dangi ko a maƙwabta wadda kika yarda da tsaftarta, ki yi mata ihsani duk wata, ya fi mini kwanciyar rai.

In kuma gidan rainon ne, kada fenti da hotunan bango su ruɗe ki. Ki je ba tare da sanarwa ba, wajen ƙarfe goma sha biyu, lokacin da yara suka gaji kowa yana kuka. Hancinki zai fara ba ki labari tun daga ƙofa. Ki ƙirga yaran, ki ƙirga masu kula da su. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce mai raino ɗaya ga jarirai 10, malami ɗaya ga yara 25 a nazare. A ganina ma goman ta yi wa mace ɗaya yawa, duk wadda ta taɓa rainon tagwaye ta san abin da nake nufi. Ki leƙa inda suke ajiye ruwan sha, ki ga ko kowane yaro da kofinsa, ki duba inda ake wanke fo, da ko akwai gidan sauro a wurin barci. Sannan ki lura ko sun nemi ganin katin rigakafin ɗanki. In ba su nemi naki ba, ba su nemi na kowa ba, kuma ƙyanda da gudawa a irin wannan ɗaki suke yaɗuwa.

Wasiƙa ta biyu daga Azare take. Wata Hajiya ce ke riƙe yara takwas a gidanta, iyayensu malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Ta ji ana cewa ƙaramar hukuma na tallafa wa masu irin sana'arta, tana son sanin ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Hajiya, bari in faɗa miki yadda kuɗin ke tafiya, don kada ki ƙarar da takalminki a hanyar sakatariya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC. Jiha ba ta taɓa kason gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Daga nan aikin ya bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ya sauko ofishin sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma, mu nan Bauchi muna da 20. Ilimin ƙananan yara yana da ɗan kasonsa a ciki, amma na makarantun gwamnati ne: aji, kujeru, kayan wasa, horar da malamai. Mai gidan raino na kanta ba ta cikin wannan layin. Saboda haka duk wanda ya zo miki da fom yana cewa ki biya kuɗi za a sa sunanki a tallafi, ki riƙe jakarki da kyau.

Amma ba na ce ki naɗe hannu ba. Ki je asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ki gabatar da kanki, don a riƙa biyowa ta gidanki lokacin rigakafi da rabon sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki. Wannan kyauta ne. Ki nemi rajista da ma'aikatar ilimi ta jiha tun yaran ba su yi yawa ba, domin duk wani horo ko taimako da zai ɓullo, masu takarda ake fara kira. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a garinku, ki tambayi sashen ilimin ƙananan yara, ko don 'yar da ke taya ki. Sannan tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuna da bakin magana. Ku haɗu ku masu wannan sana'a a ƙaramar hukumarku ta Katagum, ku rubuta buƙatarku, ku kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Ku nemi abin da za a iya gani da ido, kamar horo kan taimakon gaggawa ko famfo, ya fi a ce “a taimaka mana” kawai.

Ta ƙarshe daga wani magidanci ne a Toro. 'Yarsa ta shekara biyar, kuɗin nazare na kuɗi ya fi ƙarfinsa. Malam, tun 2013 manufar ilimi ta tanadi ajin share fage na shekara ɗaya a firamaren gwamnati, don 'yan shekara biyar. Ka je wurin hedimasta. In ya ce babu ajin, ka kai maganar kwamitin kula da makaranta na al'umma, su tura ta ga sakataren ilimi a rubuce.

Mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo. Wasiƙar da ta zo daga Ningi kan yaye, da yardar Allah da ita za mu buɗe mako mai zuwa. A huta lafiya.